Makarar da Babu Gawa a Cikinta

Mutanen unguwarmu sun san ni da rashin gaggawa. In aka kawo mini tambaya, ko ta gado ce ko ta iyakar gona, nakan ce a dawo bayan kwana biyu. Sai na duba littattafai, na rubuta amsar a takarda da ajamina, na karanta wa kaina da ƙarfi, sannan in buɗe baki. Akwai wani taubashina, dillalin shanu a kasuwar Daura, da yake cewa in gobara ta kama zaurena sai na fiƙe alƙalami kafin in nemi guga. Na faɗi wannan ne don a gane nauyin abin da zan ba da labari, domin sau ɗaya da na yi gaggawa, sai da ta taɓa mutum biyu a ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Ɗana na fari, wanda ko a gida ba na kiran sunansa, ya samu tallafin karatu ya tafi Japan koyon noman shinkafa da ban ruwa. Ba babban birni aka kai shi ba. Wani tsohon gari ne a gindin dutse, kuma ya samu ɗaki a gidan wani dattijo mai saƙa tabarma, wanda matarsa ta rasu, 'yarsa guda kuma tana aiki a birni mai nisa. Duk abin da na sani game da dattijon nan daga bakin ɗana na ji shi. Ya ware masa tukunya da cokali waɗanda naman alade bai taɓa ba. Da ya gane yaron yana fuskantar bango ɗaya kullum in zai yi salla, sai ya sauke hotunan da ke jikin bangon da kansa, ba wanda ya roƙe shi. Da zazzaɓi ya kwantar da shi a sanyin farko, shi ya riƙa dama masa kunun shinkafa yana kai masa har shimfiɗa. Uwar yaron takan sa dattijon a addu'a, tana cewa Allah ya shirye shi, ya saka masa.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, damina ta kankama. Da hantsi muka dawo daga binne wani maƙwabcinmu. Mutane duk suna gona, masu ɗaukar makara ba su da yawa, har ni da shekaruna sai da na sa kafaɗa sau uku kafin mu isa maƙabarta. Na dawo raina a ɓace, ina tunanin yadda zamani ya zo da mutum zai zaɓi noman gero a kan raka maƙwabcinsa. Ban ko wanke ƙafa ba na zauna a zaure, sai wayata ta yi ƙara.

Bidiyo ne ɗana ya turo, da gajeren saƙon murya a ƙarƙashinsa. Na sa tabarau na duba. Gilashin wayar a tsage yake, ga hasken rana, amma na ga abin da na gani. Maza ne sanye da fararen kaya, sun ɗora dogayen itatuwa biyu a kafaɗunsu. A kan itatuwan akwai wani akwati mai rufi kamar ƙaramin ɗaki, an yi masa ado. Suna tafe a tsakiyar titi, jama'a na biye da su. In wani ya gaji sai ya zame, wani ya shiga gurbinsa ba tare da an tsaya ba. Wannan musanyar ce ta kama idona, don ita na baro yanzun nan a hanyar maƙabarta.

Sai na saurari saƙon. "Baba, kun wuni lafiya? Ku duba wannan. Mai gidanmu ya roƙe ni in karɓi gurbinsa in sa kafaɗa, shi gwiwarsa ba ta iya ɗauka yanzu, kuma mutane sun yi ƙaranci. Ban ba shi amsa ba. Zan kira in yi muku bayani, sai abin da kuka ce."

Ban jira bayanin ba. A raina na ce wani ya rasu a unguwarsu, ga yadda suke kai gawarsu, ga dattijo ya kasa sauke haƙƙin maƙwabtaka. Na danna wayar na yi magana da zafin da na dawo da shi. Na ce, "Ka sa kafaɗa. Maƙwabci maƙwabci ne ko wane addini yake bi. Mutumin da ya dama maka kunu kana kwance, ba a ce masa a'a a irin wannan rana. Ba sai ka kira ba."

Ba a jima ba ya rubuto, "Baba, kun tabbata?"

Na ce na tabbata. Har na ji haushin tambayar.

Bayan La'asar taubashin nan nawa ya biyo ta zaure yana warin shanu, ya zauna a kan buzuna kamar nasa. Na nuna masa bidiyon don ya ga yadda wasu mutane ke girmama mamacinsu, ba irin mutanenmu na yau ba. Ya karɓi wayar ya kare ta da hularsa daga haske, ya kalla sau biyu.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan mamacin da ransa ya yi musu laifi ne?"

Na ce me ya gani.

"To ai girgiza shi suke yi. Dubi, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ko bijimi aka ɗora wa mota haka sai ya yi amai."

Na ce kowace ƙasa da yadda take nuna baƙin cikinta.

"Baƙin ciki? Bawana, cire tabaran nan ka goge. Wancan na gefe dariya yake yi, haƙora a waje. Ga ganga, ga sarewa. Kuma mene ne wannan a saman makarar? Tsuntsu ne na zinariya. Ka taɓa ganin gawa da zakara a ka?"

Na karɓi wayar na sake dubawa. Tsuntsun yana nan, fukafukai a buɗe. Da safe ban gan shi ba, ko kuwa na gan shi idona ya ƙi ɗauka. Na ce wataƙila sarkinsu ne ya rasu. Ya ce to Allah ya sa, ya tashi ya tafi yana dariya, ya bar ni da wayar a hannu.

Na kira ɗana bai ɗauka ba. Ashe sun tafi gonar gwaji a wani ƙauye. Sai ranar Asabar bayan sallar Asuba ya kira, lokacin can rana ta yi tsakiya ta wuce. Muryarsa a sake, da farin ciki. Bayan gaisuwa na ce masa ya miƙa mini ta'aziyya ga mai gidansu, kuma wa ya rasu?

Ya ce, "Baba, ba wanda ya rasu."

"To gawar wa za ku ɗauka?"

"Ba gawa ba ce, Baba. Bikinsu ne na shekara-shekara. Wancan bidiyon na bara ne. Abin da ke kan itatuwan, abin bautarsu ne suke fitowa da shi daga ɗakinsa su zaga gari da shi."

Na yi salati. Uwarsa tana tsakar gida tana hura wuta, ta jiyo ni ta leƙo. Na tambaye shi, shi da ya sani, me ya sa bai faɗa ba? Ya ce ai ya tambaye ni ko na tabbata. Ya ce shi kansa zuciyarsa ba ta kwanta ba tun farko, amma da ya ji amsata ba ko jinkiri, sai ya ɗauka na san wani abu a littafi da shi bai sani ba. Tun yana yaro bai taɓa ganin na amsa tambaya ba tare da na duba ba. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, don gaskiya ce.

Kuma abin ya riga ya yi nisa. A ranar da na amsa ya je ya gaya wa dattijon. Dattijon ya buɗe akwati ya fito da wata gajeriyar riga ta mahaifinsa mai tambarin gidansu a baya, ya gwada masa, ya kai ta aka ƙara mata hannu saboda tsawon yaron. Ya je wurin manyan unguwa ya ce bana gurbin gidansa ba zai zama fanko ba. Saura kwana goma sha ɗaya bikin.

Na ce masa kada ya yi komai, kada ya ce komai, ya gaya mini duk abin da ya sani game da abin nan. Na ɗauko takarda da tawada. Abin da ya kamata in yi ranar Laraba na fara yi ranar Asabar.

Kwana uku yana turo mini saƙo, yana tambayar dattijon a fakaice yana kawo mini, ni kuma ina rubutawa. Takardar tana nan har yau. A samanta na rubuta makara, sannan na ja layi na soke.

Ga abin da na tattara. Sun ce fiye da shekara dubu da ta wuce annoba ta shiga garin da zafin bazara, tana kwasar mutane gida-gida. Sai magabatansu suka ce a sauko da abin da suke bauta wa daga ɗakinsa na kan dutse, a bi da shi kowane lungu, a kai shi bakin kogi a wanke abin ɗaukarsa, ko cutar za ta bi ruwa. Tun daga nan ba su daina ba. Kafin ranar, masu ɗauka sukan ƙaurace wa wasu abubuwa su yi wanka, a watsa gishiri a hanya. Wani mutum yakan shiga gaba da jar fuska ta katako mai dogon hanci, wai shi ne mai nuna hanya. Ana kai akwatin wani ƙaramin ɗaki a cikin gari ya kwana biyu kamar baƙo, sannan a mayar da shi. Girgizawar da taubashina ya gani kuwa, wasu sun ce don abin da ke ciki ya ji daɗi ne, wasu sun ce don ya farka. Kowane gida yana da wurinsa a jikin itacen, uba ya bar wa ɗa. Na dattijon nan gaba ne, ɓangaren hagu.

Na karanta wa kaina da ƙarfi kamar yadda na saba, ban fahimci komai ba. In abin nan yana da ikon korar annoba, me ya sa sai an ɗauke shi a kafaɗa? In barci yake yi, wa ke tsaron garin sauran kwanakin shekara? Na tambayi ɗana mene ne a cikin akwatin, gunki ne ko me. Ya ce ba wanda ya sani. Ana shigar da shi ne a bayan farin ƙyalle, mutane sun sunkuyar da kai.

Taubashina ya dawo ya same ni a kan takardar. Da na gaya masa, bai yi dariyar da na zata ba. Ya ce, "To kai da kake kai baƙi Kusugu fa? Ka tsaya a bakin rijiya kana ba su labarin macijiya da baƙon da ya sare mata kai, har da nuna yadda ya riƙe takobi. Su sha ruwan su cika gora su tafi da shi Kano. Ka taɓa ganin macijiyar?"

Na ce ban taɓa yi wa rijiya sujada ba, kuma ban taɓa roƙonta komai ba.

Ya ce, "Su ɗin ka tabbata suna roƙo?"

Ban tabbata ba. Ban san komai a kansu ba sai abin da yaro ɗan shekara ashirin da bakwai ya fassara mini daga harshen da shi ma bai gama iyawa ba. Na duba littattafaina, na samu hukuncin gunki a fili, ba ja. Amma ban samu babin mutumin da ya yi wa ɗanka alheri, ka sa aka yi masa alkawari da bakinka, sannan ka gane ba ka san abin da ka amsa ba. Uwar yaron ta ce mini, "Malam, ko ka bar shi ko ka hana shi, kai ka jawo masa. Shi zai kalli idon tsohon nan kullum, ba kai ba."

Ranar Laraba, mako guda cif, na hau babur zuwa Sandamu wurin malamina, wanda a hannunsa na koyi riƙe alƙalami. Ya tsufa ƙwarai, ba ya gani sosai, don haka ban nuna masa bidiyon ba. Na karanta masa takardar. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Da na zo kan tsuntsun zinariya sai ya yi murmushi.

Ya ce, "Hukuncin ka san shi tun kafin ka hau babur. Ba shi ya kawo ka ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, to me ya kawo ni?"

"Kana so in ce ka sa yaron ya warware. Ba zan ce ba. Bakinka ne ya ɗaura. Ka yi magana da mai abin da kanka. Kuma ka tambaye shi tukuna, kada ka sake yanke wa mutum hukunci da hoton waya."

Washegari da safe na sa farar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, na zauna a zaure, ɗana ya kira ta yadda za mu ga juna. Ya juya wayar. Na ga wani ɗan ƙaramin tsoho, kansa fari fat, zaune a ƙasa a kan tabarma, ya lanƙwashe ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe saboda gwiwa. Da ya gan ni sai ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarmar. Na rasa yadda zan yi. Ba zan sunkuya wa mutum haka ba, kuma ba zan zauna ƙiƙam ba. Na dafa ƙirjina na ce masa sannu, sannu, sannu, har sau nawa ban sani ba.

Na yi masa godiya a kan kunun da tukunyar da bangon. Ɗana yana fassarawa. Tsohon ya kaɗa hannu yana cewa ba komai ba ne, yaron ma yana ɗauko masa buhun shinkafa. Sannan na ce ina da tambaya.

"Mene ne a cikin akwatin?"

Ya ce bai taɓa gani ba. Mahaifinsa ma bai gani ba.

"To kana roƙonsa wani abu?"

Ya yi tunani. Ya ce yana gaishe shi. In ya wuce ta gaban ɗakin yakan tafa hannu ya sunkuya. Lokacin da matarsa ke jinya ya roƙa, amma ta rasu.

"Ka yarda akwai wani abu a ciki da ke ji?"

Ɗana ya fassara, tsohon ya amsa, suka yi ta maimaitawa tsakaninsu. Daga baya ɗana ya ce, "Baba, ya ce bai sani ba. Ya ce ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Wai in yana ƙarƙashin itacen yakan ji akwai, in ya sauke kuma sai ya koma saƙar tabarma."

Na ce to don me yake ɗauka shekara da shekaru?

Maimakon ya amsa sai ya ja wuyan rigarsa gefe ya matso da kafaɗarsa kusa da wayar. Wani tudu ne a kafaɗar kamar rabin lemo, kanta ce ta shekaru, irin wadda nake gani a kafaɗun tsofaffin 'yan garuwa amma ta fi girma. Ya ce mahaifinsa ma da ita ya rasu, a wannan kafaɗar. Ya ce a da ana turereniya a kan gurbi, har faɗa ake yi. Yanzu samari duk sun tafi birni. In kafaɗu ba su cika ba bana, a bayan mota za a ɗora shi, irin a-kori-kura, a zaga da shi kamar kayan ƙaura. Ya ce ba ya so ya ga wannan da idonsa. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan tabon sallar da ke goshina ba. Na sauke shi da sauri, na nemi gafarar Allah, don ba abu ɗaya ba ne. Amma hannun ya riga ya je.

Na ce wa ɗana ya fassara abin da zan faɗa daidai, kada ya gyara. Na ce, "Ni na yi kuskure. Da na ga hoton, na zaci gawa kuke ɗauka. A kan gawa na ba da izini."

Ɗana ya ce, "Baba, in faɗa haka?"

Na ce ya faɗa.

Tsohon ya saurara. Sai ya fashe da dariya, ya riƙe ciki, har tari ya sarƙe shi. Ya maimaita kalmar da harshensu ya sake dariya. Ni kuwa ina zaune da farar rigata gumi na bin bayana. Da ya lafa na ci gaba. Na ce a addininmu ɗana ba zai sa kafaɗa a ƙarƙashin abin da ake sunkuya wa ba in ba Allah ba, ko akwai wani abu a ciki ko babu. Na ce yaron bai yi masa ƙarya ba, umarnin ubansa ya bi, kuma uban ne ya amsa bai duba ba. In akwai wanda zai ji haushi, ga ni.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Sannan ya yi magana a hankali, ɗana ya ce, "Wai ya gane. Wai shi ma ba zai so ɗansa ya saɓa masa ba." Tsohon ya ƙara wata magana, yana ɗan murmushi. Ɗana ya yi jinkiri kafin ya fassara. "Ya ce izinin gawar kada ku janye shi, ku ajiye. Wai zai buƙace shi."

Na ce Allah ya ba shi tsawon rai. Ban san ko wannan amsa ce ba.

A bayan mota aka ɗora akwatin a shekarar. Ba janyewar ɗana kaɗai ta jawo ba, wasu biyu ma sun janye, amma wannan bai rage mini komai ba. Ɗana ya ce ta taga ya hango su. Motar tana tafiya a hankali, mai jar fuskar yana gaba, tsohon yana baya da sanda, sanye da rigar mahaifinsa wadda hannunta ya yi masa tsawo yanzu, ya naɗe shi sau biyu. Bai daina wanke wa yaron tukunyarsa daban ba, amma an yi makonni ba ya zama hira bayan cin abinci. Ɗana ma haka ya yi mini. Zai kira, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gona, ya ce a ba shi mamarsa. Sai in ji su suna hira mai tsawo a ɗaki. Na san abin da na hana daidai ne in hana, amma na kasa gane yadda aka yi daidai ɗin ya bar kowa da rauni, har da wanda bai san hukuncin ba.

Shekara ɗaya da wasu watanni bayan haka, ana cikin girbin wake, ya kira bayan Asuba. Daga sallamarsa na san akwai magana.

"Baba, mai gidanmu ya rasu jiya a asibiti."

Ban san addu'ar da zan yi ba. Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan kam ta hau kan kowa.

Ya ce 'yarsa ta zo daga birni. Ta ce mahaifinta ya bar wasiyya tun yana da ƙarfi, cewa in za a fito da akwatinsa daga gida zuwa mota, baƙon da ke ɗakin sama ya kama gaba, ɓangaren hagu. Wai uban yaron ya riga ya yarda.

"Baba, wannan karon gawa ce. Na tambaya sau biyu."

Na ce daga motar sai ina?

Ya ce sai inda za a ƙona shi. Haka suke yi.

Na ajiye wayar a kan buzu ba tare da na kashe ba. Ina jin numfashinsa. Na duba littattafan da ke jingine da bango, na san in na buɗe zan samu masu cewa a'a da masu sassautawa, kuma jana'izar gobe ce, kwana biyuna ba za su samu ba. Na tuna tudun kafaɗar nan, da hotunan da aka sauke daga bango. Na tuna ni na ce a kan gawa na ba da izini, a gaban mutumin, da farar riga, kuma da ya ce in ajiye ban ce masa a'a ba.

Na ɗauki wayar na ce, "Ka kama masa zuwa mota. Kada ka shiga addu'arsu, kada ka bi su wurin wutar. In motar ta tashi ka koma ɗakinka ka yi alwala ka yi sallarka."

Ya ce, "Baba, kun tabbata?"

Na ce, "Ban tabbata ba. Ka je."

Bayan kwana biyu ya kira, kuma bai ce a ba shi mamarsa ba. Ya zauna ya ba ni labari dalla-dalla, kamar yadda yake yi yana ƙarami in ya dawo daga kasuwa. Su shida ne suka kama, biyar duk tsofaffi ne masu tudu a kafaɗa. Akwatin ba nauyi ko kaɗan. Daga ƙofa zuwa mota taku kaɗan ne. Maƙwabta sun jeru a bakin titi sun haɗa hannu, motar ta yi doguwar ƙara sau ɗaya ta tafi. Na tambaye shi kafaɗar ba ta yi masa ciwo ba?

Ya ce, "Ai ba a kafaɗa suke ɗaukar gawa ba, Baba. A hannu ake riƙewa, daidai ƙugu."

Na ce to.

Da muka gama na ɗauko takardar nan mai kalmar da na soke a sama, na fiƙe alƙalami, na rubuta a ƙasa cewa mutanen Japan a hannu suke ɗaukar gawarsu. Wannan ɗaya dai na tambaya kafin in rubuta. Taubashina ya shigo ya tarar da ni ina busa tawadar, ya ce me aka gano kuma yau. Na karanta masa. Ya ce ashe ko makarar ma ban gane ta ba. Na ce ban gane ta ba, na matsa gefe ya zauna.